Addu'ar da Ta Shiga Gari

"To ni na rubuta? Faɗa mini, Rauda, ni na rubuta? Ni da ko lambar ɗana sai an latso mini a wayar nan!"

Iya ce ke wannan faɗa, tana zaune bisa 'yar kujerarta a tsakar gida, tana watsa wa goron sayarwarta ruwa kamar goron ne ya yi mata laifi. Matar ɗanta, Rauda, tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, miyar kuka na ta tafasa a bayanta ba ta ko waiwaya ba.

"Iya, ban ce ku kuka rubuta ba. Cewa na yi ku kuka fassara mini."

"Na fassara! An kawo mini magana an ce me wannan yake nufi, sai in ce ban sani ba? A Sabon nan aka yanke mini cibiya, da Yarbanci na yi haƙori. In yi miki ƙarya da furfurata?"

"Kuma kun faɗa a gidan sunan maƙwabciyarmu Raliya."

"Bayan matan gari sun gama karantawa a waya! Ni ɗan gishiri kawai na ƙara, don na ga taron ya yi sanyi."

Ga yadda abin ya faro. Rauda 'yar Zariya ce. Manniru, ɗan Iya, mai fataucin albasa daga Sakkwato zuwa kasuwar Bodija, shi ya auro ta ya kawo ta Ibadan. Ta daɗe a Sabo, unguwar Hausawan garin, har 'yarta ta fari, Husna, ta fara zama 'yar budurwa, amma Yarbancinta bai wuce na cefane ba: "nawa ne" da "ya yi tsada". Da yamma tana koyarwa a Islamiyyar unguwa. Ranar Juma'a kuwa, da ta idar da sallar asuba, sai ta jingina da bango ta ɗauki wayarta mai tsagaggen gilashi ta rubuta ɗan tsokaci a kan tarbiyya da ibada, ta tura a zauren matan Islamiyya. Kuma a faɗi gaskiya, Allah ya ba ta hannu. Matan da ba su iya karatu ba sai su kira 'ya'yansu su karanta musu, wasu har da share hawaye da gefen mayafi. Daga Sabo rubutun kan tsallaka Ojoo, ya kai Akinyele, har an ce wata a Legas tana jiransa. Burin Rauda wata rana ta tattara su su zama littafi, abin da Manniru ke tsokanarta da shi, wai zai ɗora su a kan buhunan albasa ya sayar mata a Arewa.

Abu ɗaya ne Rauda ta zo da shi daga Zariya ta ƙi saki: kunyar 'yar fari. Tun da ta haifi Husna ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta jan ta a jiki, ko kitso Iya ke yi mata. A aji kuwa abin ya fi tsanani, don Husna a ajin uwarta take. Ɗan wani ya yi karatu da tuntuɓe uku, Malama ta ce masa madalla. Husna ta kawo hadda tas, Malama ta dubi allo ta ce, "Na gaba."

To wata magariba, bayan sun idar da salla, Rauda tana lazimi, sai ta ji Husna a gefenta ta ɗaga hannu tana magana ƙasa-ƙasa da Yarbanci. "Olohun mi, jowo..." Muryar ta yi wani irin taushi da Rauda ba ta taɓa ji a bakin yarinyar ba. Ta kasa kunne. Ba ta gane komai ba sai "Baba mi" da "Mama Bose" da kuma "Umma". Amma mai kan hadda ce, ta kwashe kalmomin yadda suke, da safe ta kai wa Iya ta zube mata.

Iya ta saurara, ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Ta ce ƙawarta, haka take kiran jikar, ta roƙi Allah ya dawo da babanta lafiya daga hanya. Ta roƙa wa Mama Bose mai amala a bakin titi sauƙin ciwon ƙafa. Sannan wai yarinyar ta ce, "Ya Allah, da Yarbanci nake gaya maka don Umma ba ta ji. Ka sa ko sau ɗaya ta ce mini madalla a aji."

Da wata uwar ce, da ta tashi ta je ta rungume 'yarta. Rauda kuwa ɗaki ta shige ta yi kuka, kukan kuma bai sami hanyar fita ba sai ta yatsu. Juma'ar nan ta rubuta abin da bai taɓa yin kyau kamarsa ba: cewa Allah yana jin kowane harshe, da cewa iyaye su riƙa yaba wa 'ya'yansu tun suna kusa. Ba ta ambaci suna ba, "wata yarinya" kawai ta ce. Amma wace yarinya ce a Sabo babanta ke hanya, uwarta malama ce, ba ta jin Yarbanci, kuma Mama Bose ke ƙara mata nama a amala? Yaran da aka sa su karanta wa iyayensu ai 'yan ajin Husna ne. Kafin a shiga sabon mako sunan Husna ya koma Madalla. Ta je famfo, "Madalla, kawo bokiti!" Ta wuce shagon tela, "Sannu Madalla!" Har wani ɗan acaɓa da bai san kan zancen ba ya ɗauka sunanta ne.

Tun daga nan Husna ta ɗauke sallayarta daga ɗakin uwar. A lungun bayan tankin ruwa take salla, tana sallamewa ta naɗe ta miƙe, ba ɗaga hannu, ba motsa leɓe. Abin da ke cin Rauda ke nan, shi ya sa yau ta tsaya tana musu da surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Iya, yarinyar nan ta daina addu'a," in ji Rauda. "Na leƙa ta. Tana sallamewa take tashi kamar an kore ta."

"Kin leƙa ta! Har yanzu leƙen kike yi?" Iya ta rufe goronta da ganye ta daddanna. "Ni dai ban yi boko ba, na Muhammadiyyar ma a Sabbi na tsaya. Amma ƙawata kalma ɗaya ta roƙa. Ɗaya tak. Ke kin tashi kin raba wa matan duniya wa'azi shafi-shafi, ita kin hana ta kalmar. Wannan kunyar taku ta mutanen Arewa, ta hana ki faɗa wa 'yarki a ɗaki, ba ta hana ki faɗa wa Ojoo da Legas ba?"

Rauda ta juya ta koma madafa. Miyar ma ta kama.

Maganar Iya ta kwana tana yi mata yawo a kai. Washegari da yamma a Islamiyya aka zo hadda, layi ya zo kan Husna. Ta miƙe, idonta a ƙasa, ta ɗauko Tabara daga farko har ƙarshe ba gargada, muryar nan siririya tana fita kamar zare. Rauda ta rufe Alƙur'anin da ke hannunta. Ta dubi bango, ta ce, "Madalla."

Wayyo. Ajin ya fashe da dariya gaba ɗaya, har da masu buga benci. Wata 'yar ƙarama a baya ta ce, "Allah ya amsa!" Husna ta ja hijabi ta rufe fuska, ta zauna, kafaɗunta na girgiza. Rauda ta daka tsawa aka yi tsit, amma ina amfani. Kalmar da yarinya ta roƙa a wurin Ubangijinta, uwarta ta riga ta ba 'yan unguwa sun yi wasa da ita har ta lalace.

Juma'ar da ta biyo baya Rauda ta jingina da bango ta ɗauki waya, ta daɗe tana kallonta, ta ajiye. Mata suka yi ta aiko da saƙo: "Malama, shiru?" "Malama, ko ba lafiya?" Ta kira Manniru, yana can wajen Kwantagora mota ta lalace musu, ya saurare ta ya ce, "Ki ba ta haƙuri mana." Namiji ke nan. Kamar abin a bakin ƙofa yake ta miƙa hannu ta ɗauko. Ita da ko sunan yarinyar bai taɓa hawa harshenta ba, da wane baki za ta fara?

Da hantsi ta sa hijabi ta fita bakin titi wurin Mama Bose. Matar na zaune a bayan tukunyarta, ƙafar nan a miƙe bisa benci an naɗe ta da tsumma. Da guntun Hausar Mama Bose da guntun Yarbancin Rauda da taimakon hannu suka fahimci juna. Mama Bose ta ce labarin ya iso ta ita ma, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa jin wani ya sa ƙafarta a addu'a ba sai yarinyar nan, don haka duk wanda ya sake kiran Husna da wani suna a gabanta zai sha muciya. Sannan ta koya wa Rauda abin da ta zo nema, ta sa ta maimaita har sai da masu cin amala suka fara murmushi.

Ranar Asabar ranar kitso ce. Iya ta fito da mataji da tsinke da kwalbar man kaɗe, ta baje tabarma a inuwa, ta ƙwala kira, "Ƙawata, zo in gyara wannan kan naki mai kama da sheƙar ungulu, ko ma samu mai taya mu!" Husna ta zo ta zauna ba dariya. Sai ga Rauda ta fito ta durƙusa a gefe.

"Iya, ku huta yau. Ni zan yi mata."

Iya ta dube ta sama da ƙasa. "Ke? Kin ma san inda ƙeyarta take?" Amma ta miƙa mata matajin. Ta so ta zauna ta ga ƙarshen abin, har ta gyara zama, sai aka yi sallama a ƙofar gida ana son goro. Ta tashi tana ƙunƙuni, wai mutane ba su san lokacin da ya dace su so goro ba.

Husna ta zauna tsakanin gwiwoyin uwarta, bayanta a sandare. Rauda ta fara tsifa. Daɗin kitso ke nan, ba mai kallon idon wani. Ta ga gashin ya fi yadda take zato laushi, ta ga wani ɗan tabo a bayan kunne da ba ta san da shi ba.

"Wannan fa?"

"Faɗuwa na yi a makaranta. Ya daɗe. Iya ta sa mini magani."

Rauda ta shafa wurin da ɗan yatsa. Ta tsefe layi ɗaya, ta tsefe na biyu. Janareton maƙwabta na ta ruri, wani mai rake na wucewa yana kiran kayansa. Rauda ta ajiye matajin a cinya. Can dai ta runtse ido ta sake shi yadda aka koya mata.

"Ma binu, omo mi."

Kar ki yi fushi, 'yata, shi ke nan abin da ta ce. Amma yadda ta faɗe shi, da muryar Zazzagawa, ta ja inda ba a ja, ta sauke inda ake ɗagawa, ko akuya ta ji sai ta waiwayo. Husna ta yi ƙoƙarin daurewa. Kafaɗarta ta motsa, dariya ta kufce mata ta hanci, daga nan kuma dariyar ta juye ta zama kuka.

"Umma, ba da ke nake magana ba," ta ce cikin sheshsheƙa. "Da Allah nake. Ke kika koya mana a aji, kika ce addu'a sirri ce tsakanin bawa da Ubangijinsa. Yanzu in na ɗaga hannu sai in ji kamar duk Sabo na bayana suna saurare."

"Gaskiyarki. Sata na yi. Na saci maganarki da Ubangijinki na kai kasuwa, don na ga ta yi kyau." Rauda ta ci gaba da taje gashin a hankali, hawayenta na ɗiga a kan man kaɗe. "Da na ji abin da kika roƙa, rasa inda zan sa kaina na yi. A gidanmu ba a koya mana faɗa ba. Innata har ta rasu ba ta kira sunana ba, kuma na san tana sona, amma na sha kwana ina so in ji. Sai ga shi na yi miki irinsa, na ƙara da abin da ya fi shi."

Husna ta share hanci da bayan hannu. "Za ki daina rubutun?"

"In kin ce in daina."

Yarinyar ta shiga wasa da bakin tabarma. "Kar ki daina. Na akuyar da ta cinye littafin Malam Sharfuddeen ya ba ni dariya. Ni dai kar ki ƙara sa ni."

"Ko inuwarki ba zan ƙara sa wa ba." Rauda ta raba gashin gida biyu, ta ɗauki tsinke. Ta ji kalmar ta taso mata tun daga ciki, nauyi kamar dutsen niƙa. Ta tura ta. "Sunkuyo da kanki, Husna."

Kan bai sunkuya ba. Sai da ya juyo gaba ɗaya, ido jajur, baki buɗe. Rauda ta kama shi da hannu biyu ta mayar gaba da sauri. "Na ce sunkuya, kar ki ɓata mini layi." Kitson dai da aka gama bai yi kyau ba, wani layin ya nufi Mokola wani ya nufi Bodija, Iya ta ce ko makaho ya yi abin da ya fi haka. Husna ta ƙi yarda a tsefe.

Da aka kira magariba, Rauda ta shimfiɗa sallayarta a ɗaki ta tayar. Tana raka'a ta farko ta ji motsi a gefenta, an shimfiɗa wata. Da suka sallame, ta ga ta wutsiyar ido ƙananan hannaye sun ɗaga. Nan da nan ta yunƙura za ta fita ta ba ta wuri. Sai ta ji an riƙe mata gefen hijabi.

"Zauna, Umma."

Ta zauna. Husna ta yi addu'arta, a fili, kuma da Hausa. Ta ɗan jima tana yi. Da ta shafa, ta naɗe sallaya ta shige uwar ɗaki ta saki labule.

Ko numfashi Rauda ba ta gama saukewa ba sai ga Iya ta turo ƙofa, carbi a hannu, ɗankwali a karkace. Ashe tana bakin taga tun ɗazu, janareton maƙwabta ne ya cuce ta.

"Na ji muryar ƙawata. Ta yi?"

"Ta yi, Iya. Alhamdu lillahi."

"To madal... to barka. Me ta ce?" Ta jawo kujera ta zauna, ta matso har gwiwarsu na haɗuwa. "Maimaita mini yadda kika ji, in fassara miki."

"Da Hausa ta yi."

"Da Hausa! To ai an huta. Me ta ce?"

"Iya, ku yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ni ce fa. Ni na yi mata wanka tana jaririya, ni na tauna mata abinci. Ta ambace ni?"

Rauda ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

"Ko ta roƙa mini Makka? Ɗaga kai kawai, ba sai kin yi magana ba. A'a? To wani yaro ne? Wallahi ba mai ji. Raliya kaɗai zan gaya wa, ita kuma kin san ba ta da baki."

"Ba da ni take magana ba, Iya. Zama kawai aka ce in yi."

Iya ta saki baki. Ta dubi Rauda, ta dubi labulen uwar ɗaki, inda wasu 'yan yatsun ƙafa suka leƙo ta ƙasa ba su sani ba. Wani abu ya gilma a gefen bakinta, ta yi maza ta haɗiye shi, ta ƙara ɗaga murya yadda ko na bayan labule zai ji da kyau.

"Wato ko ni ba za ki gaya wa ba? Ko na roƙe ki? Ko na yi fushi?"

"Ko kun yi fushi, Iya."

"To shi ke nan! An haɗe mini kai a gidan ɗana! Uwa da 'ya sun shirya, tsohuwa ta zama bare. Gobe in kitson nan ya warware kar wanda ya neme ni. Kuma ke Rauda, ranar da za ki so a fassara miki ko kuɗin tattasai ne, ki tafi wurin Mama Bose!"

Ta miƙe, ta gyara ɗankwali ya ƙara karkacewa, ta saka takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na Rauda, ta fita ta maido ƙofar garam, har ƙusar da ake rataye hijabai ta faɗo.